Tambayar da Ba a Koya wa Ma'aikatan Lafiya Yi Ba

Mutane sama da 720,000 ne suke kashe kansu duk shekara a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma kimanin kashi 73 cikin ɗari na wannan adadi a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi yake. Amma akwai wani adadin da ya fi shafar ma'aikacin lafiya kai tsaye. Wani nazari da aka wallafa a 2002, wanda ya tattara bincike 40, ya gano cewa kimanin kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka kashe kansu sun ga likitan matakin farko a watan ƙarshe na rayuwarsu, uku cikin huɗu kuma sun gan shi a shekarar ƙarshe. Waɗanda suka ga ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa a wannan watan kimanin ɗaya ne cikin biyar.

Wato dai mutumin ya zo asibiti. Ya karɓi kati, ya bi layi, an auna masa hawan jini, ya ce kansa ke ciwo, ko barci ya ƙaurace masa, ko ciwon baya ya hana shi sakat. An rubuta masa magani ya tafi. Wanda ya zauna da shi 'yan mintocin nan nas ce, ko ungozoma, ko likitan da ke ganin kowa da kowa, ko mai ba da magani ta taga. Da yawansu sun fito daga makaranta sun iya ɗaura ruwa da ɗinke rauni, amma ba a taɓa sa su furta kalmar kashe kai a gaban majiyyaci ba ko sau ɗaya.

A ganina horon yi wa majiyyaci tambaya kan kashe kai ya kamata ya zama dole a kan duk mai duba marasa lafiya, kuma a ɗauke shi yadda ake ɗaukar horon farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya: a gwada, malami yana kallo yana gyarawa, sannan a riƙa sabuntawa. Taron wayar da kai na awa biyu, inda ake haska alƙaluma a bango a raba takardar shaida, yana sa mutane su fita suna jin sun ƙaru. Idan suka koma ɗakin duba marasa lafiya washegari, bakin ya ƙi buɗuwa kamar da.

Abu na farko da ke riƙe bakin shi ne tsoron kada tambayar ta dasa wa mutum tunanin da ba shi da shi. An gwada wannan. A 2005 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi da ɗaliban sakandare sama da 2,000 a jihar New York ta Amurka: wasu an yi musu tambayoyi kan kashe kai, wasu ba a yi musu ba, kuma ba a ga ƙarin damuwa ko ƙarin tunanin ga waɗanda aka tambaya ba. A 2014 wani nazarin ya bi diddigin binciken da aka yi kan batun, bai sami wanda ya nuna tambaya tana ƙara tunanin ba, wasu ma sauƙi suka nuna ana samu. Wanda ya daɗe yana ɗauke da abin shi kaɗai, sau da yawa ajiyar zuciya yake yi idan wani ya ambace shi ba tare da ya firgita ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne yadda ake gina tambayar. Masu bincike a Ingila sun naɗi ganawar likitoci da marasa lafiya, suka wallafa abin da suka gani a 2017: kashi 75 cikin ɗari na tambayoyin da suka shafi kashe kai an yi su ne ta yadda amsar da ta fi sauƙi ita ce a'a. "Ba ka dai tunanin cutar da kanka ko?" Wanda aka yi wa irin wannan tambaya ya riga ya ji amsar da ake so, sai ya bayar da ita. Likita ya rubuta a fayil cewa babu tunanin kashe kai, hankalinsa kwance, alhali bai tambayi komai ba. Karatu ba ya gyara wannan, domin mai yin sa bai san yana yi ba, sai ranar da wani ya tsayar da shi ya maimaita masa abin da ya faɗa.

Tambaya mai amfani hawa-hawa ake yin ta. A ajiye biro, a rufe ƙofa, idan ɗan rakiya yana ciki a nemi ya ɗan ba da wuri. A fara da abin da majiyyacin ya faɗa da bakinsa: "Malam, ka ce wata uku ke nan ba ka barci, kuma aikin ya tsaya. Mutane da yawa idan abu ya yi musu nauyi haka sukan ji gara ma su kwanta kada su tashi. Kai ma kakan ji haka?" Idan ya ce e, ko ya yi shiru, a hau mataki na gaba da kalmar kanta: "Ka yi tunanin kashe kanka?" Kada a ce "wani mugun tunani" ko "yin wani abu", domin kowa da abin da zai fahimta. Daga nan sai sauran, a jere kamar yadda gajeren ma'aunin Jami'ar Columbia ta Amurka mai tambayoyi shida ya tsara: ka yi tunanin ta wace hanya, kana da niyyar aikatawa ko tunani ne kawai yake zuwa, ka tsara lokaci da wuri, ka taɓa yunƙuri ko shiri, kamar tara abin da za ka yi amfani da shi ko rubuta wasiyya, kuma ko a cikin wata ukun nan ne. Tambayar yunƙurin baya ba a tsallake ta ko da amsoshin farko duk a'a ne, domin babu abin da ya fi yunƙurin baya nuna hatsarin gaba.

Wa za a tambaya? Jagoran Hukumar Lafiya ta Duniya na shirin mhGAP, wanda aka rubuta don ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, ya ce a tambayi duk wanda ya haura shekara 10 idan yana da ciwon damuwa ko wani ciwon ƙwaƙwalwa, ko farfaɗiya, ko matsalar shaye-shaye, ko ciwo mai raɗaɗi da ya daɗe, ko yana cikin tsananin tashin hankali. Ni zan ƙara mai jego da ta kasa barci ko da jariri ya yi barci, da wanda aka ba labari mara daɗi game da cutarsa a makon nan, da duk wanda ya zo da rauni ko guba da labarin bai zauna daidai ba.

To, ya ce e. A nan ne rabin horon ya kamata ya tare. Fuskar ma'aikaci ita ce amsa ta farko, kuma majiyyaci yana karanta ta. Wani ya zaro ido, wani ya shiga wa'azi, wani ya ce "ka tuna 'ya'yanka" ko "kada in ƙara jin wannan magana". Duk da kyakkyawar niyya ake faɗar su, amma abin da mutumin ke ji shi ne ya yi kuskuren buɗe baki, kuma ba zai sake ba. 'Ya'yan nan da ake tuna masa, sau da yawa ya riga ya gamsar da kansa cewa sun fi samun sauƙi idan ba ya nan. Abin da ake so gajere ne: "Na gode da ka gaya mini. Ba ni labarin yadda abin ya kai haka." Sai a yi shiru a saurara, minti biyu ko uku ba katsewa. Yin shirun nan ya fi tambayar wuya, kuma shi ma sai an gwada ake iyawa.

Idan hatsarin na yanzu-yanzu ne, wato akwai niyya da shiri da abin aikatawa a kusa, ko mutum ya sha wani abu, ko yana cikin maye da firgici, ƙa'idar ba ta da yawa: ba a barin sa shi kaɗai ko na minti ɗaya, har a hanyar banɗaki, a kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, a yi maganin rauni ko gubar, a kira ƙwararre ko na gaba. Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan, na kwantar da mutum a ɗakin marasa lafiya na gama-gari a ɗauka an tsare shi. Jagoran mhGAP bai yarda da kwantarwa a irin wannan ɗaki don hana kashe kai kawai ba. Gado a ɗakin da nas ɗaya ke kula da mutum talatin da dare ba tsaro ba ne, sai in an sa wani takamaimai ya zauna da shi.

Akwai wani abu da manhajoji da yawa suke ɓata awanni a kansa, wanda nake ganin ya kamata a rage: koya wa ma'aikaci ya raba marasa lafiya gida uku, mai ƙaramin hatsari da matsakaici da babba. Abin yana da kama da kimiyya, amma alƙaluma ba su goyi bayansa ba. Wani babban nazari na 2017 da ya haɗa bincike 365 na tsawon shekara 50 ya nuna hasashen wanda zai kashe kansa da kaɗan ya fi canki-canka. Wani na 2016 ya nuna kusan rabin mace-macen suna faruwa ne cikin waɗanda aka sa a rukunin ƙaramin hatsari, yayin da kimanin kashi 95 cikin ɗari na 'yan rukunin babban hatsari ba su mutu ta wannan hanya ba. Shi ya sa a 2022 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a daina amfani da ma'aunai da wannan rabo don hasashe ko don yanke shawarar wa za a kula da shi, wa za a sallama. Ma'auni yana da amfani wajen tuna wa ma'aikaci tambayoyin da zai yi. Da zarar ya zama maki da ake tarawa don a rufe fayil, ya koma kare asibiti daga zargi, majiyyaci kuma ya fita hannu rabbana da tambarin "ƙaramin hatsari".

Haka nan tsohuwar dabarar sa majiyyaci ya yi alƙawari ko ya sa hannu cewa ba zai cutar da kansa ba. Babu hujjar cewa tana hana komai. Tana gaya masa abin da ba zai yi ba, ba ta gaya masa abin da zai yi da ƙarfe biyun dare idan abin ya taso.

Abin da ya maye gurbinta shi ne shirin tsira, wanda masu bincike biyu na Amurka, Barbara Stanley da Gregory Brown, suka tsara. Takarda ce guda, ana cike ta tare da majiyyaci cikin minti 20 zuwa 45, da kalmominsa, kuma shi zai tafi da ita. Matakanta shida ne, a jere suke domin mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya idan na farko bai isa ba. Da farko alamomin da shi kansa ya san suna zuwa kafin abin ya yi tsanani. Sai abin da zai iya yi shi kaɗai ya ɗauke hankalinsa. Sai mutane ko wuraren da zama cikinsu ke rage masa nauyi, ko da bai gaya musu komai ba. Sai waɗanda zai iya gaya wa kai tsaye cewa yana cikin hali. Sai ma'aikatan lafiya da layin agaji, da lambobinsu da lokutan da ake samun su. Na shida, yadda za a nisanta shi da abin da ya yi tunanin amfani da shi. A wani bincike da aka wallafa a 2018, na mutum 1,640 a sassan gaggawa na asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, waɗanda aka yi wa shirin tare da kiran waya na bibiya sun sami ragin yunƙuri da kashi 45 cikin ɗari a wata shida, kuma sun fi zuwa ganin likitan da aka tura su wurinsa.

Shirin yana lalacewa ta hanyoyin da aka sani. Ma'aikaci ya cike shi da kansa don sauri, ko ya miƙa takardar ya ce a cike a gida. A rubuta "in kira wani aboki" ba suna ba lamba. A rubuta sunan mutumin da shi ne tushen damuwar. A rubuta "motsa jiki" ga wanda ƙafarsa ke ciwo. Maganin duka tambaya ɗaya ce bayan kowane layi: "Me zai hana ka yin wannan idan lokacin ya zo?" Idan ya ce wayarsa ba ta cika samun caji ba, ko yayan nasa ba ya ɗaukar waya da dare, an gano ramin tun kafin a faɗa.

Mataki na shida shi ne ma'aikata suka fi jin nauyin tayarwa, kuma shi ne hujjarsa ta fi ƙarfi. Dalilin yana cikin yanayin abin kansa. A wani bincike a Austriya da aka wallafa a 2009, kusan rabin waɗanda suka tsira daga yunƙuri sun ce tsakanin zuwan tunanin da aikatawa bai wuce minti 10 ba. Kuma kimanin tara cikin goma na waɗanda suka tsira ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Guguwa ce mai wucewa, abin da ke kusa da hannu a lokacin shi ke yanke hukunci. Siri Lanka ta hana shigo da magungunan ƙwari mafi guba, adadin kashe kai ya faɗi da kimanin kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015, aka ƙiyasta an ceci rai 93,000. Birtaniya ta taƙaita yawan ƙwayoyin farasitamol a fakiti a 1998, mace-macen da yake haddasawa suka ragu da kashi 43 cikin ɗari a shekarun da suka biyo baya. Ma'aikacin lafiya ba ya kafa doka, amma yana iya yin irin wannan a gida ɗaya: ya tambayi abin da ke ajiye, ya nemi izinin majiyyaci a kira wani na kusa, a amince wa zai karɓi magunguna ko maganin ƙwari ko makami ya kulle, kuma yaushe, yau ko gobe. Likita kuma ya duba abin da yake rubutawa da hannunsa: maganin mako guda maimakon na wata uku, a zaɓi wanda ba shi da hatsari sosai idan an sha da yawa, kuma matashin da aka fara wa maganin ciwon damuwa a sake ganin sa cikin mako ɗaya, domin makonnin farko ne ake fargaba.

Sai bibiya, wadda ta fi kowane mataki araha kuma ta fi saurin faɗuwa ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada ta a Brazil da Indiya da Siri Lanka da Iran da Sin, da mutum 1,867 da suka yi yunƙuri. Rabi an yi musu zaman bayani na awa guda kafin sallama, sannan aka tuntuɓe su sau tara cikin wata 18, ta waya ko ziyara: mako na 1, 2, 4, 7 da 11, sai wata na 4, 6, 12 da 18. Waɗanda suka kashe kansu a cikinsu kashi 0.2 ne cikin ɗari, a ɗaya rukunin kuwa kashi 2.2. Tun kafin wannan, likita Jerome Motto a San Francisco ya riƙa aika gajerun wasiƙun gaisuwa ga waɗanda aka sallama suka ƙi komawa jinya, kuma a shekaru biyun farko mutuwa ta yi ƙasa a cikin waɗanda suka sami wasiƙun. Kwanakin farko bayan sallama daga sashen ƙwaƙwalwa su ne mafi hatsari, shi ya sa a Ingila aka mayar da ƙa'idar bibiya cikin awa 72. Takardar turawa wani asibiti ba bibiya ba ce. Mai turawa shi zai kira can gaban majiyyaci, ya karɓo rana da lokaci, ya rubuta wa zai kira idan bai je ba.

Za a ce babu lokaci, kuma gaskiya ne layi yana da tsawo. Amma tambayar farko ba ta kai minti ɗaya ba, kuma mafi yawan mutane a'a za su ce da gaske. 'Yan kaɗan da suka ce e, a ba su abin da ake ba mai ciwon ƙirji: a dakatar da layi, ko a miƙa su ga wanda aka ware don haka a wannan rana. Za a kuma ce ina amfanin tono abin da ba ka da inda za ka tura shi, tunda ƙasashe da yawa likitan ƙwaƙwalwa ɗaya ne ga dubban ɗaruruwan mutane. Wannan hujja ce ta yin horon: shirin tsira da kulle magani da kiran waya duk ba sa buƙatar ƙwararre. Doka ma tana shiga tsakani, domin inda yunƙurin kashe kai laifi ne, majiyyaci zai ɓoye, ma'aikaci kuma ya rubuta "haɗari" don ya rufa masa asiri. Singafo ta soke irin wannan doka a 2020, Pakistan a 2022, Ghana da Malesiya a 2023. Inda ba a soke ba, dole horon ya faɗa wa ma'aikaci ƙarara abin da doka ta ɗora masa da abin da ba ta ɗora ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa horo shi kaɗai ba ya daɗewa. Tsibirin Gotland na Suwidin ya nuna haka. A 1983 da 1984 an horar da kusan dukkan likitocin matakin farko na tsibirin kan gane ciwon damuwa da maganinsa, kuma kashe kai ya ragu, musamman tsakanin mata. Zuwa 1988 adadin ya koma inda yake, bayan da yawa daga likitocin da aka horar sun bar wurin. Tsibirin ƙarami ne, don haka alƙaluman ba su da yawa, amma masu binciken da kansu suka ba da shawarar a riƙa maimaitawa duk shekara biyu. Jihar Washington, wadda ta fara wajabta horon a Amurka a 2012, ta sa wa ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa awa shida duk shekara shida. Awa shidan sun yi, tazarar ce ta yi yawa.

Da ni ke tsarawa, yini guda zan ware, kuma lacca ba za ta wuce awa biyu ba. Sauran lokacin a zauna uku-uku: ɗaya majiyyaci, ɗaya ma'aikaci, ɗaya mai lura riƙe da takarda, yana duba ko an furta kalmar, ko tambayar ta karkata zuwa a'a, ko an katse shi, ko an tayar da zancen abin da ke gida. Minti 15 a juya, har kowa ya zauna a kujeru ukun aƙalla sau biyu, kuma kowa ya cike shirin tsira guda daga farko har ƙarshe. A yi shi da harshen da ake magana da marasa lafiya, domin wanda ya koyi tambayar da harshen littafi zai tsaya neman kalma a daidai lokacin da bai kamata ba. A haɗa mai karɓar kati da mai gadi a wani gajeren zama, tunda su ne suke ganin wanda ya tashi ya fita kafin a kira shi. A sanar tun da safe cewa a ɗakin akwai waɗanda abin ya taɓa shafa, a gidansu ko a kansu, kuma a tanadi wanda za su yi magana da shi. A kuma koya wa shugabannin sashe abin da za su yi ranar da majiyyaci ya mutu duk da an yi komai daidai, domin hakan na faruwa, kuma ma'aikacin da aka tsayar gaban kwamiti aka ɗora wa laifi ba zai sake yin tambayar ba, abokan aikinsa ma haka.

Auna nasarar horon kuma ba a takardar da mahalarta suke cikewa da yamma ake yi ba, inda kowa ke cewa ya sami ƙwarin gwiwa. Bayan wata uku a zaro fayil 20 na waɗanda suka zo da ciwon damuwa ko yunƙuri, a ƙirga nawa aka tambaya da kalmar kanta, nawa suka tafi da shirin tsira mai sunaye da lambobi, nawa aka rubuta wanda ya karɓi magungunansu, nawa aka kira cikin awa 72. Idan na ƙarshen ya yi ƙasa, kafin a sake kiran malamai a fara duba ko sashen yana da wayar da ke aiki, da sunan wanda kiran yake wuyansa a jadawalin mako.